Wanda Yake Busar da Gishirin Dakta

Akwai wani masanin sinadarai da kowa ke kira Dakta. Bincikensa a kan wani irin gishiri ne mai suna fosfoniyam, wanda ba ya daskarewa. Ruwa-ruwa yake, mai kauri kamar zuma, kuma kaurin nan Dakta yake aunawa.

Sai dai gishirin yana tsotsar danshin iska. Da ya sha sai ya tsinke, awo ya lalace.

A ɗakin gwajin akwai dattijo mai kula da kayan aiki, Baba Mai-Kwalba. Shi ne na farkon zuwa kullum, yana wanke kwalabe yana ɗan waƙe-waƙensa. Dakta kuwa akwai ji da kai, ko gaisuwa da hanci yake amsawa.

Wata safiya Dakta ya tarar da Baba riƙe da kwalbar gishirinsa.

"Wa ya ba ka izinin taɓa min kaya? Me ka sani ban da wanki?"

"Allah ya huci zuciyarka, ɗana," in ji Baba. Ya cire farar rigarsa ya rataye a ƙusa, bai sake dawowa ba.

Daga makon nan awon Dakta ya rikice, na yau daban, na gobe daban. Ɗakin ma ya yi masa shiru. Sau da yawa sai ya juya zai ce "Baba, miƙo min," ya ga riga kawai a ƙusa. Kewa ta kama shi, shi da ya ɗauka ba ya buƙatar kowa.

Wata uku yana fama, har ranar da ya buɗe littafin da ke gefen injin busarwa. Rubutun Baba ne, shafi bayan shafi, na shekara huɗu: "Dakta ya bar murfi a buɗe. Na busar masa." Ashe duk awon da ake yaba masa, hannun tsohon nan ne a ƙarƙashinsa.

Ranar ya nemi gidan Baba. 'Yar Baba ce ta shigar da shi.

"Tun da hawan jini ya kayar da shi, ba kowa yake ganewa ba," in ji ta.

Dakta ya durƙusa gaban gadon. "Baba, ni ne. Na zo ka yafe min."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi murmushi. "Sannu da zuwa, ɗana. A ina na san ka?"

Har yau Dakta yana zuwa duk mako, ya zauna kusa da shi yana jiran ranar da zai gane shi.

Darasi: Kada ka raina wanda ke gyara maka aiki a ɓoye. Ka gode masa, ka nemi afuwarsa tun yana iya jin ka. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya tuna da nasa Baban.