Ƙafar Mushe Danda a Kan Birki

Mushe Danda (Mushe ake ce wa malamin boko a can) tsohon daraktan lakwal ne, wato shugaban makaranta, a Tasawa, mutumin kirki, sai dai bakinsa bai saba da cewa "na yi kuskure" ba. Shekara talatin yana gyara wa mutane, har ya manta shi ma ana iya gyara masa.

Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar mota shuɗiya, ta shekarun saba'in. Burinsa ɗaya ne da ita. A ƙauyensu, kusa da Baudeta, akwai yayarsa Zara'u wadda ta goya shi, idanunta kuma sun fara rufewa. Yana so ya sa ta a gidan gaba, ya zaga gari da ita tun tana iya ganin hanya.

Ana gobe tafiya birki ya yi laushi. In ya taka, ƙafar sai ta nutse kamar a tulin auduga. Ya kai wa Bube makaniki, tsohon ɗalibinsa wanda yanzu har ya yi furfura. Bube ya duba man birki, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, bai ga yoyo ba.

Ya ce, "Mushe, iska ce ta shiga, kuma hidda ta aikin mutum biyu ne. Ni ina ƙasa, kai kana ciki. In na ce taka, ka taka. In na ce riƙe, kada ka ɗaga sai na ce saki, in ba haka ba iskar komawa za ta yi."

Suka fara hidda iskar taya bayan taya, uku suka wuce lafiya. A ta huɗu la'asar ta yi sanyi, inuwar itacen bedi tana yawo a kan gilashi. Bube ya ce riƙe, Mushe ya riƙe, amma zuciyarsa ta riga ta kama hanya. Ga gero ya yi kore dama da hagu, ga Zara'u a gefensa, iska na kaɗa mayafinta, tana nuna masa gonar babansu tana dariya irin ta ƙuruciya. Daɗi ya kama shi, ƙafarsa ta taso a hankali. Da ya farga sai ya mayar da ita da sauri.

Daga ƙasa Bube ya ce, "Kamar na ji ta sha iska. Ko ka ɗaga? Mu sake, ba komi."

Mushe ya san gaskiya, amma kunya ta fi ƙarfinsa. "Ni na koya maka riƙe alƙalami, Bube. Riƙe birki za shi gagare ni?"

Bube ya ɗaure ƙusa, ya fito daga ƙarƙashin motar.

Da safe ya kama hanya shi kaɗai, motar ta bi yashi a hankali, gonaki kamar yadda ya gani a ransa. A gangaren shiga ƙauye shanu suka tare hanya, mata na bayansu da tuluna. Ya taka birki, ƙafar ta tafi har ƙasa. Ya sake takawa, babu. Sai ya karkatar da sitiyari, ya rungumi itacen gawo. Ba wanda ya ji ciwo, amma gaban motar ya lotse, ruwan inji ya tsiyaye cikin yashi.

Aka riƙo hannun Zara'u aka kawo ta. Daga gefen da ta tsaya ba ta ga ɓarnar ba, shuɗi kawai take gani. Ta shafa ƙofa, ta buɗe, ta zauna a gidan gaba, ta gyara mayafinta.

Ta ce, "Da kyawunta, Danda. To tada mu tahi."

Mai karatu, ɗaga ƙafa ba laifi ba ne, kowa hankalinsa yana tafiya. Laifin shi ne a tambaye ka ka ɓoye don kada girmanka ya ragu. Kuskuren da aka faɗa da wuri, minti biyar yake ci. Wanda aka ɓoye kuwa, sau da yawa wanda ka fi ƙauna ne yake kwasar asararsa.