Ranar da Matan Rafin Marke Suka Hana Guɗa

Ku taho nan dukanku. Sagiru, kife wayar nan a cinyarka. Bilki, tukunya ba za ta gudu ba, rage mata wuta ki zo. Kun girma, kowa da gidansa, kuma in ana hirar gwamnati bakinku ya fi na rediyo. To ga wata magana, yau zan ga kaifin kan naku.

A wani gari da ake kira Rafin Marke an yi wata mata, Uwani, mai ɗa tilo, Ilu. Mutanen garin manoman tumatir ne. Kowace shekara suna ji suna gani rabin abin da suka noma ke ruɓewa a kwanduna a bakin titi, kafin mota ta zo ta kwashi ragowar a wulaƙance. Banki kuwa sai an yi tafiyar awa biyu. Wanda ya sayar da kaya, ɗaure kuɗinsa yake yi a ƙugu ya taho gida yana waige-waige.

Ana nan sai ga lokacin zaɓe. Wani ɗan takara, Honarabul Mati, ya zo ran kasuwa da makaɗa, ya hau bayan mota ya ce in jam'iyyarsa ta kafa gwamnati, za a gina masana'antar markaɗa tumatir mai ɗaukar matasa ɗari uku, a buɗe reshen banki a garin. Mata suka kaure da guɗa. Daɗi ya kwashe shi, ya ƙara da cewa, "In shekara biyu ta cika ban yi ba, kada wata mace ta sake yi mini guɗa a garin nan."

Suka ci zaɓe, aka ba shi babbar kujera. Aka zo aka dasa ɗan ginin siminti da allo a bayan gari, aka ce harsashi ne. Shi ke nan. Awaki suka samu wurin kwanciya. Ilu ya jira shekara biyu cur, sannan ya bar matarsa Saude a ɗaki ya tafi Kudu dako a tasha. Uwani ba ta da wani buri a duniya sai ɗan nan ya dawo ya samu abin yi a gida, ta riƙa jin tarinsa ta bayan katanga.

Da shekara ta huɗu ta kusa cika, aka yi shela cewa Honarabul na tafe da 'yan jarida, za a aza harsashin masana'anta. Uwani ta ce da maƙwabciyarta, "Yaya Hansatu, harsashi nawa gini ɗaya yake ci?" Hansatu ta ce, "Ki bari, wannan karon wataƙila na awakin ne za a faɗaɗa."

Ita wannan Hansatu mai waina ce a bakin kasuwa, kuma ita ce ta farko cikin mata ukun da zan ba ku labarinsu. Ranar da Honarabul ya yi alkawari, ta kunna 'yar wayarta don ta ɗauki kiɗan kalangu, hankalinta ya koma kan tanda, wayar ta ci gaba da ɗauka. Duk maganarsa ta shiga, har da ƙarar mai a tanda. Da ta gane abin da ke ciki, ta cire katin memorin wayar ta naɗe a leda ta jefa cikin gwangwanin kwalli. Wayar ta lalace, ta sake wata, ita ma ta lalace, katin na nan. Da labari ya kai kunnen yaran Honarabul, suka zo cin waina, suka yi mata tayin sabuwar waya da buhun shinkafa. Ta ce musu, "Ni kiɗan nake so, 'ya'yana. Makaɗin ya rasu, ina zan samu wani?" Suka bi kasuwa suna hana mutane sayen wainarta har wata biyu. Ba ta bayar ba.

Ta biyu Malama Rakiya ce, wadda ta koyar da rabin garin a firamare, har da Ilu. Ita ta ce murya ba ta isa ba, gwamnati da takarda take magana. Sau bakwai tana shiga motar haya zuwa babban birnin jiha da kuɗin aljihunta, tana zama a bencin wata ma'aikata. Yau a ce oga ya fita, gobe a ce mai mabuɗi ya tafi jana'iza. A zuwa na biyar ta fara tafiya da saƙarta, ta zauna tana saƙa hula a ƙofar ofis tana gaida duk mai wucewa da sunansa. A na bakwai suka gaji da ganinta, suka miƙo mata kundin rahoton ayyuka. Ta dawo ta zarce gidan Uwani ko mayafi ba ta cire ba.

"Inna, albishirinki. Ashe an gama masana'anta tun bara. Banki ma an buɗe. Ga sunayen ma'aikata ɗari uku, ga Ilu a lamba ta arba'in da ɗaya, mai kula da injin markaɗe."

Uwani ta kalli takardar da ba ta iya karantawa, ta ce, "Malama, shi ne bai taɓa leƙo ni ba, yana aiki a bayan gari?" Suka yi dariya har suka riƙe ciki, sannan Uwani ta juya baya ta share ido da bakin zane.

Ta uku Magajiya Furera ce, shugabar masu guɗa. Ba a biki, ba a suna, ba a taron siyasa a Rafin Marke sai da ita, kuma da wannan take ci. Mijinta kuwa shi ne shugaban jam'iyyar Honarabul na mazaɓa. Ta saurari katin Hansatu, ta ji karatun Malama, ta ce, "To ku ajiye su a ɗaki ku yi ta kallo. Wa zai ji ku?" Kwana tara tana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wa mata su karɓi atamfar anko, su ɗinka, su yi kwalliya, su cika kujerun gaba, amma kowace ta kulle bakinta. Mata ɗari biyu suka riƙe maganar nan kwana tara, ko namiji ɗaya bai ji ba. Ku da kuke cewa mata ba su da ciki, ku riƙe wannan.

Ranar ta zo. Aka kori awaki, aka shafa wa allo sabon fenti, gidan rediyo na watsawa kai tsaye. Uwani na layin gaba, ɗankwali ya sha ɗauri. Honarabul ya sauko daga mota yana ɗaga hannu. Mai gabatarwa ya ce, "Iyayenmu mata, a ji ku." Shiru. Ya buga lasifika da yatsa, ya ɗauka ita ce ta mutu. Ya sake kira. Shiru, sai ƙarar janareto. A karo na uku wani bunsuru daga bayan rumfa ya amsa masa.

Sai Furera ta miƙe ta nufi dandamali. Mijinta ya saki ajiyar zuciya, da kansa ya miƙa mata abin magana, a zatonsa za ta buɗe guɗar ne. Ta kara wayar Hansatu a kai, katin nan na ciki. Kalangu ya tashi, mai ya yi ƙara a tanda, sai ga muryar Honarabul ta cika fili tana hana mata su yi masa guɗa. Furera ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, umarninka muke bi."

Kafin a ƙwace abin maganar, Malama Rakiya ta karɓa ta buɗe kundi kamar za ta kira sunaye a aji. Ta kira na farko, uwarsa ta miƙe ta ce yana birni yana tura ruwa. Na biyu, yana haƙar zinare a daji. Na bakwai, Allah ya yi masa rasuwa shekara uku ke nan. Aka zo lamba ta arba'in da ɗaya. Uwani ta miƙe ta ce, "Yana Kudu yana dako. In yana da aiki a nan, ranka ya daɗe, a nuna mini ƙofar in kai masa abincin rana."

Fili ya fashe da dariya, kuma duk jihar na ji. Honarabul ya cire hula ya goge gumi, ya ce shi ma yaudararsa aka yi da takarda. Wannan tsakaninsa da Allah. Abin da aka gani shi ne, kwana goma sha biyu aka yi sai ga motocin yashi. Ilu ya ji muryar uwarsa a wayar wani direba a tasha, ya haɗa kayansa a buhu ya taho, ya fara da leburanci a wurin ginin. Cikin shekara banki ya buɗe, ɗaki biyu ne amma banki ne. Masana'anta ta tashi da mutum ɗari da arba'in, ba ɗari uku ba, kuma har gobe Malama na zuwa birni da saƙarta a kan ragowar. Aka ba Ilu injin markaɗe, aikin da takarda ta ce yana yi tun tuni. Ranar da inji ya fara juyawa, Furera ta saki guɗar da aka ji har ƙauyen gaba.

Bayan nan Saude ta haifi 'ya mace. Ilu ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, "Inna, ke za ki zaɓi suna." Uwani ta ce ba shawara, sunan wadda ta dawo mata da ɗanta za a sa. Tana rufe baki ta gane ta jawo wa kanta aiki.

Matan nan uku suka zo barka tare, suna karɓar jaririya hannu zuwa hannu. Hansatu ta ce, "Ku dubi kumatun nan, na mai cin waina ne." Malama ta ce, "Yaya, dubi goshin dai, na 'yan aji ɗaya ne." Jaririya ta tsanyara kuka, Furera ta ce, "To kun ji, ta faɗi gidansu da bakinta." Uwani ta aika a tambayi liman ko za a haɗa ukun. Ya ce rago ɗaya, suna ɗaya, kada a ɗora wa yarinya rajistar makaranta.

Gari ya rabu uku. Wasu suka ce ba don katin Hansatu ba, da Honarabul ya rantse bai taɓa faɗa ba, kuma ita ce ta yi wata biyu wainarta na kwantai. Aka ce musu ai kiɗa ta je ɗauka, sa'a ce. Wasu suka ce murya kunya kawai take jawowa, takardar Malama ce ta tsorata manya, don ita ke iya kai mutum gaban alƙali. Aka ce musu takardar da ba a karanta a bainar jama'a ba, gara ce za ta cinye ta. Wasu suka ce Furera ce ta sa sana'arta da aurenta a kan layi, mijin ma wata guda ba ya cin tuwonta. Aka ce musu in ba kati ba kundi, me za ta kara a lasifika, shirun banza?

Ga Uwani can zaune da jikarta a cinya, gobe da safe suna, an ɗaure rago, an jiƙa gero, liman na jiran kalma ɗaya.

To, ga ku nan. Ban son a ce mini duka sun yi ƙoƙari, wannan na sani tun kafin a haife ku. Kowa ya kama ɗaya ya kare ta. Sagiru, kai ne babba, fara. Tsakanin Hansatu, Rakiya da Furera, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?