Dutsen Barmo a Jirgin Fito

Ga ta nan, ga ta nanku, ku buɗe kunne.

Ta zo mu ji ta.

A wani gari na bakin gulbi, masu fito suna da al'ada. Kafin a tura jirgi, Sarkin Jirgi yakan ɗaga murya ya ce, "A ajiye dutse!" Sai kowa ya tsinci dutse ya ajiye a gaɓa. Ma'anarsa, mai gaba da wani ya bar ta a tudu, don gulbi ba ya hayewa da mutum da fushinsa.

To, akwai wani manomi, Barmo, mai baƙar zuciya. Shanun ƙanensa Jatau sun cinye masa gonar albasa. Jatau ya ba da haƙuri, ya kai dattawa, Barmo ya rantse sai ya ga bayansa.

Ranar kasuwa jirgi ɗaya ya haɗa su. Aka ce a ajiye dutse. Barmo ya sunkuya kamar kowa, sai ya soke nasa a aljihu. A ransa ya ce, "In ajiye? Albasata fa?"

Suna kaiwa tsakiya sai jirgi ya yi nauyi. Sai wani Kada ya ɗago kai daga cikin ruwa ya ce, "Sarkin Jirgi, da dutse a jirginka. Na wa ne?"

Barmo ya dafe aljihunsa. Ruwa ya fara shiga. Sai aka jefar da gishirin wata tsohuwa a ruwa don a rage nauyi, tana kuka.

Aka ɗan taɓa gaba, Kada ya sake tambaya. Sarkin Jirgi ya buga filafilin tuƙi ya ce, "Don Allah, mai shi ya yar, kada ya kashe mu!" Barmo ya kau da kai. Sai aka tura awakin wani bawan Allah. Ku ji mugunta! Dukiyar mutane na bin ruwa, shi ko gezau.

Karo na uku Kada bai tambaya ba. Jirgi ya karkata wajen Barmo, sai ga shi cikin ruwa tsundum. Dutsen nan ya yi ta jan sa ƙasa. Ya zaro shi, ya riƙe gam.

Jatau ya fizge filafili ya miƙa masa. "Yaya, saki dutsen ka kama!"

"Kai za ka cece ni? Kai?"

"Yaya, don darajar iyayenmu, kama!"

Barmo ya ɗago hannu, kowa ya ce alhamdu lillahi. Ashe ba filafili zai kama ba, jifa zai yi. Ya wurga wa Jatau dutsen, bai ma same shi ba. Kafin ya sake ɗago hannu, ruwa ya rufe kansa.

Jirgi ya yi sakayau. Jatau ya isa gaɓa yana kiran "Yaya", ba mai amsawa.

Wanda ya ƙi sakin fushi, fushi ba zai sake shi ba, kuma sai ya ci gishirin tsohuwar da ba ruwanta.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa.