Gefen da Abdul'aziz Ya Yanke

Akwai wani tsoho, Malam Suma'ila, a wani ƙaramin gari kusa da Dogo. Shekara talatin yana riƙe da makullin ɗakin ƙungiyar adana tarihin garin. A ciki akwai takubba biyu, da wani tambari da ya fashe, da gafaka tara cike da takardun ajami na alƙalan da.

Takardun sun tsufa, bakinsu ya yi baƙi. Amma a gefen nan ne alƙali yakan rubuta sunayen shaidu da iyakar gona. Shi ya sa Malam Suma'ila ba ya bari a taɓa su sai yana tsaye.

Sai aka zaɓi wani matashi, Abdul'aziz, shugaban ƙungiya. Ya yi lakkwal, wato karatun boko, mai zurfi a Yamai, kuma yana son a san haka.

Ya ce, "Baba, na sayo robobin adana takardu a Damagaram. Kowace takarda za ta shiga tata."

"Ba za su shiga ba, ɗana. Sun fi robar faɗi."

"Sai a rage gefen."

"Ai a gefen maganar take."

Abdul'aziz ya yi dariya, ya dubi 'yan ƙungiya. "Kun ji ko? Tsufa ya fara taɓa Baba. Kawo makulli, ka huta haka nan."

Tsoho ya duba ko wani zai yi magana. Babu wanda ya ɗaga kai. Ya miƙa makullin.

Bayan kwana uku ya hangi hayaƙi a bayan ɗakin. Abdul'aziz ne ya tara gefen takardun da ya yanke da almakashi ya ƙona, wai kada a taka rubutu mai sunan Allah. Mutane har suna yabon ladabinsa. Malam Suma'ila ya koma gida.

Damina biyu bayan haka, mutanen wani ƙauye suka ce fadamar da Hafsa, mahaifiyar Abdul'aziz, take noman albasa tasu ce. Hakimi ya ce a kawo takarda.

Abdul'aziz ya zo ya durƙusa a zauren tsoho. "Baba, an ce takardar kakanmu tana ciki."

"Tana gafaka ta huɗu."

Suka same ta cikin roba, tana ƙyalli. Malam Suma'ila ya karanta: an raba fadamar tsakanin gida biyu, iyaka tana gefe tare da shaidu. Ya juya ta. Gefen ya miƙe sumul, almakashi ya tafi da rubutun.

"Amma ka tuna, Baba?"

"Na tuna. Daga kuka zuwa tsohuwar rijiya."

Haka ya faɗa a gaban hakimi, bai rage komai ba. Wakilin ƙauyen ya saurara, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wannan ne shugabansu da bakinsa ya ce tsufa ya taɓa shi ba?"

Fadama ta tafi. Hafsa ta tumɓuke albasarta tun ba ta ƙosa ba.

Washegari Abdul'aziz ya kawo makulli da hannu biyu. Tsoho bai karɓa ba.

"Riƙe abinka, ɗana. Abin da nake tsaro ba ya ciki."

Darasi: Kafin ka gyara abin da ka tarar, ka tambayi wanda ya tsare shi. Kuma kada ka zubar da mutuncin tsoho a bainar jama'a, wata rana shaidarsa kaɗai za ta rage maka. Ku tura wa duk wanda aka danƙa wa amanar kayan tarihi.