Kyanwar Tabawa Mai Ƙuli-ƙuli

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru!

An yi wata kyanwa a gidan wata tsohuwa mai suna Tabawa. Tabawa mai ƙuli-ƙuli ce, da man gyaɗar da take matsa suke ci su biyu. Kullum kyanwa na zaune bakin turmi tana kallon hannun uwar ɗakinta.

Ana nan, sai sanyin ƙashi ya kama hannun Tabawa, yatsu suka ƙi lanƙwasuwa. Ga gyaɗa an markaɗa, ga gobe kasuwa, ga rumbu ba ko tsaba. Tsohuwa ta zauna tana hawaye. Kyanwa ta ce, "Iya, bar kuka. Bari in nemo mai matsa mana."

Ta kira Jaki. Jaki ya ce, "Wannan ai aikin ƙarfi ne." Ya ɗaga kofato ya narka wa akushin gyaɗar, akushi ya dare biyu.

Ta kira Kaza. Kaza ta ce, "Wannan ai aikin tono ne." Ta shiga ta yi ta watsi, rabin gyaɗa ya bi ƙasa.

Sai ga Biri ba a kira shi ba. Ya ce, "Wannan ai aikin masu yatsu ne. Iya, juya baya, ba a kallona in ina aiki." Tsohuwa ta juya. Biri ya matsa sau ɗaya, ya kai loma biyu. Ya sake matsawa, ya kai loma uku. Kyanwa na ganinsa ta wutsiyar ido, ranta ya ɓaci. Ta daka tsalle ta yi masa tsawa, "Ɓarawo!" Biri ya zabura da baya, sai zaune cikin kaskon suya da ke kan wuta. Ya fice yana ihu, gindi ja wur, har yau bai koma daidai ba.

Saura ɗan abin da bai cika ƙwarya ba. Tabawa ta ce, "Shi ke nan, 'yata, mu bar wa Allah."

Kyanwa ta ce, "Iya, ban gwada ba tukuna."

"Ke da ƙumba kamar ƙaya?"

Kyanwa ta wanke ƙafafunta na gaba, ta mayar da ƙumbarta ciki, ta hau. Ta danna dama, ta danna hagu, tana waƙa a maƙogwaro:

"Dama, hagu, a hankali,
Man Iya, fito, fito."

Ta yi ta yi har kafaɗunta suka yi tsami, ba ta sauka ba. Can sai mai ya tsatso, ya taru, ya kwaranyo. Tabawa ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta ce, "Ku zo ku ga 'yata!" Kyanwa ta ɗaga wutsiya sama, ta zagaya tsakar gida ana yi mata kirari.

Da aka dawo daga kasuwa da hatsi, kyanwa ta shafa sauran man, ta hau cinyar tsohuwa tana yi wa yatsun tausa, kullum, kullum, har suka saki.

Shi ya sa in kyanwa ta hau cinyarku tana dannawa tana gurnani, kada ku ture ta. Sana'ar kakarta take nuna muku, kuma wanda ta ɗauka nata kaɗai take yi wa. Abin da ƙarfi ya fasa, lallami ke gyara shi.

Ƙurunƙus! Kan kusu ya faɗa bakin mage.