Man Hajiya Suhaila Yana Aiki

Hajiya Suhaila mace ce mai kyau da iya magana, sai dai ta haɗa wa kanta girman kai da ƙarya, kuma su biyun nan ne suka kai ta ƙasa. Gidanta yana Nassarawa GRA a Kano, ta mayar da falon ƙasa shago. Abu ɗaya take sayarwa, wani mai a 'yar kwalba mai murfi ruwan zinare, wanda ta raɗa wa suna Sirrin Suhaila. Tana cewa yana tayar da nonon da ya kwanta, yana ciko da wanda shayarwa ta tsotse.

Shaidarta jikinta ne. Shekararta arba'in da biyu, ta shayar da 'ya'ya uku, amma ƙirjinta a tsaye yake kamar na budurwa. Sai ta sa riga mai kama jiki, ta tsaya gaban waya tana ɗaukar bidiyo, ta ce, "Ku kalle ni, sannan ku kalli kanku." Mata kuwa su kalli kansu su ji sun muzanta. Daga Badawa, daga Giginyu, har daga wasu garuruwa ake zuwa saye.

Gaskiyar maganar ita ce, shekara huɗu da suka wuce ta tafi ƙasar waje, ta ce wa mutane saro kaya za ta yi. A can likita ya tsaga ƙarƙashin nonuwanta, ya cusa mata wata roba mai laushi da ake sawa don su cika su tsaya. Man da take sayarwa kuwa man kaɗanya ne da garin hulba da ɗan turare, a kicin ɗinta ake haɗawa. Aikin da ta je aka yi mata tsakaninta ne da mijinta da Ubangijinta. Abin haushi shi ne yadda ta ɗauki aikin wuƙa ta ce aikin mai ne, ta kuma yi ta yi wa mata gori da shi.

Ban da mijinta Alhaji Ya'u, wanda rabin shekara yake yi a Legas, mutum ɗaya ce ta san sirrin. Ita ce yayarta Ma'u, ma'aikaciyar jinya, mazauniyar Gama. Ma'u ce ta yi sati uku tana wanke mata ɗinkin bayan ta dawo, kuma Suhaila ba ta bar ta ta fita daga ɗakin ba sai da ta sa ta rantse da Allah ba za ta faɗa wa kowa ba. Tun daga ranar Suhaila ta tsane ta. Duk sanda Ma'u ta shigo gidan, sai Suhaila ta ji kamar an cire mata riga a tsakiyar kasuwa.

Wata ranar Asabar da hantsi, Ma'u ta zo kawo mata katin bikin wata 'yar uwarsu, ta tarar da wata matashiya zaune a shagon tana murza bakin hijabinta. Sunanta Nafisa, malamar firamare ce daga Giginyu, ba ta daɗe da yaye ɗanta na biyu ba.

Nafisa ta yi ƙasa da murya ta ce, "Hajiya, wata uku ke nan ina shafawa. To, sai na ji wani ɗan ƙullutu a na dama, kamar ƙwayar gyaɗa. Ba ya ciwo, amma yana da tauri."

Suhaila ta yi dariya ta tafa hannu. "Ai ke kin dace. Tauri alamar yana aiki ne. Nama ne yake haɗuwa daga ciki. Ki ƙara yawan shafawa, safe da yamma."

"Maigidana ya ce in je asibiti a duba."

"Ki je su tsorata ki, su ce za su yanka? Kalle ni da kyau. Kin taɓa jin an ce an gan ni a layin asibiti?"

Ma'u ta ajiye katin ta ce, "Baiwar Allah, ki bi maganar mijinki. Ƙullutu a nono ba abin wasa ba ne. Ki je ranar Litinin."

Suhaila ta harare ta, sannan ta juya ga Nafisa tana murmushi. "Yayata ce, a asibiti take aiki. Su kowa suka gani mara lafiya ne. Shekara nawa tana bin likitoci, ki dubi nata ƙirjin, ki dubi nawa, sai ki zaɓi wadda za ki ji maganarta."

Nafisa ta dubi Ma'u, ta dubi Suhaila, ta karɓi sabuwar kwalba ta fita.

Ma'u ta ce, "Suhaila, ki ji tsoron Allah. Kin san abin da ke cikin kwalbar nan, kin kuma san abin da ke cikin ƙirjinki."

"Yaya, kin rantse."

"Na rantse zan rufa miki asiri. Ban rantse zan zuba ido ki kashe 'yar mutane ba."

"Baƙin ciki ne ke cin ki. Tun muna yara haka kike. Ni ina GRA, ke kina lungun Gama kina shaƙar kwata, shi ne ba ki iya haɗiyewa. Ki ɗauki katinki, kada ki sake shigo mini shago ina tare da masu saye."

Ma'u ta fita da sauri ko za ta tarar da Nafisa a bakin titi, amma ta riga ta hau adaidaita sahu ta tafi.

Bayan kamar wata biyu, Suhaila tana wanka da safe, hannunta ya taɓa wani abu a gefen nonon hagu, can kusa da hammata. Ta tsaya cak. Ta sake taɓawa. Ƙullutu ne ɗan ƙarami mai tauri, ba ya motsi. Ita kuwa ta fi kowa sanin man kaɗanya ba ya haɗa nama.

Likitan da ya yi mata aiki ya gaya mata ta riƙa zuwa ana yi mata hoton nono lokaci lokaci, kuma duk inda ta je ta faɗa musu akwai roba a ciki. Ba ta taɓa zuwa ba. Yanzu ma da ta yi tunanin zuwa, sai ta tuna wadda ke ɗakin hoto a asibitin da suke zuwa, Sista Perpetua, ita ma tana sayen man. Ta tuna matan likitoci biyu da ke saye. Ta ga yadda robar za ta fito ɓaro-ɓaro a hoto, kafin la'asar labarin ya zagaye wayoyin matan Kano. Ta ji a ranta gara komai da wannan. Sai ta buɗe kwalba ta shafa, ta dubi madubi ta ce wa kanta, "Robar ce ta ɗan goce. Zai baje."

Bai baje ba. Kafin azumi ya kai girman dabino. Bayan salla fatar wurin ta yi kauri ta yi gurbi-gurbi kamar ɓawon lemo, kan nonon ya fara shigewa ciki, kaluluwa ta fito mata a hammata. Ta koma sa riguna masu faɗi, ta ce wa masu kallonta sabon yayi ne. Da Alhaji Ya'u ya zo hutu ta ce masa maruru ne, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya koma Legas.

A gidan sunan wata ƙanwarsu Ma'u ta lura. Ta ga Suhaila ta miƙa hannu za ta karɓi jaririya, ta cije leɓe ta janye hannun hagu. Ta bi ta har bakin mota.

"Me ya sami nononki?"

"Babu ruwanki."

"Na ga yadda kike riƙe hannun nan. Tun yaushe?"

Suhaila ta ce, "Wata bakwai."

Ma'u ta dafe ƙirji. "Wata bakwai kina zaune? Gobe da safe zan zo in kai ki. Idan asibitin da aka san ki ne ba kya so, mu je wani."

"A Kano akwai asibitin da babu mai sayen maina? So kike a gani a yi ta yi da ni, ki samu abin da kika daɗe kina jira. Wallahi ba za ki ga wannan ranar ba."

"Suhaila, ranki nake ji miki, ba sunanki ba."

"Ki ji da naki."

Ta ja ƙofar mota ta rufe, saura kaɗan ta datse yatsun yayarta. Da ta isa gida ta toshe lambarta.

Wata uku bayan haka ta tara manyan masu sayenta a farfajiyar gidan, za ta nuna musu sabon haɗi. Ta sha farin leshi, ta cusa auduga a rigar nono don wurin ya fara tsattsafo da ruwa. Tana tsaye tana zuba bayani, ta ɗaga kwalba sama, sai ta ga matan sun daina kallon kwalbar. Wata ta nuna ta da yatsa ta ce, "Hajiya, jini a rigarki." Ta sunkuya ta ga jan tabo yana faɗi a kan farin leshin. Jiri ya ɗebe ta, ta zube a kan tabarma.

Alhaji Ya'u yana gari a ranar, shi ya kai ta asibiti, shi ya kira Ma'u. Likita, wani dattijo mara yawan magana, ya duba ta ya tambaya, "Hajiya, an taɓa yi miki aiki a nono?"

Ko a nan, tana kwance, jini na jiƙe mata riga, Suhaila ta dubi nas ɗin da ke tsaye ta ce, "A'a."

Ma'u ta ce, "Likita, ƙarya take yi. Akwai roba a duka biyun, shekara biyar ke nan."

Suhaila ta ɗago kai da ƙyar. "Kin karya rantsuwa. Ban yafe miki ba."

"Na karya. Zan ciyar da miskinai goma in yi kaffara. Da na sani tun bara na ciyar da su."

Aka yi hoto, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Da sakamako ya fito, likita ya zaunar da su. Ya ce ciwon daji ne. Ya ce ba robar ce ta kawo shi ba, amma a gefenta ya ɓuya ya yi ta girma, kuma da ta zo tun yana ƙwayar gyaɗa, da ƙila ƙullutun kawai za a cire. Yanzu sai an cire nonon gaba ɗaya, da robar, da kaluluwar hammata, sannan a shiga ƙarin ruwan magani na watanni. Suhaila ta tambaya ko za a iya yi ba tare da kowa ya sani ba. Likitan ya dube ta kawai, ya ci gaba da rubutu.

Labarin da take gudu bai jira la'asar ba. Matan da suka ga jinin su suka fara, sauran suka ƙarasa. Waɗanda ta yi wa gori suka riƙa turo mata hoton kwalabensu a cikin shara, da zagin da ba zai faɗu ba. Aka rufe shagon.

Ranar da ta je karɓar ruwan magani karo na uku, gashinta ya zube, ta rame, gefen hagu na hijabinta ya shafe. Ma'u ce ke riƙe da jakarta, ko da yake har ranar Suhaila ba ta ce mata sannu ba. Suka zauna a benci suna jiran layi. Matar da ke kusa da ita ta juyo a hankali. Ta fi ta ramewa, idanunta sun faɗa, gefen dama na hijabinta a shafe yake. Sai da ta yi magana Suhaila ta gane Nafisa ce.

"Hajiya Suhaila. Ashe ana ganin ki a layin asibiti."

Suhaila ta sunkuyar da kai.

Nafisa ta ce, "Wata tara na ƙara ina shafawa safe da yamma, kamar yadda kika ce. Har faɗa na yi da maigidana a kanki. Yanzu likita ya ce ya shiga ƙashin baya. Babban ɗana shekararsa biyar, ƙaramin bai kai uku ba."

Ta buɗe jaka ta ciro 'yar kwalba mai murfi ruwan zinare, wadda ta kawo tun farko don ta nuna wa likita abin da take shafawa. Ta ɗora ta a kan cinyar Suhaila, ta dubi shafaffen gefen hijabinta, ta ce, "Ke ma yana aiki?"

Aka kira sunan Nafisa. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ba ta waiwayo ba. Suhaila ta zauna da kwalbar a cinyarta, ta kasa ɗauka, ta kasa turewa, har aka kira nata sunan.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙaryar da mutum ya gina sunansa a kai, wata rana ita za ta tsare masa ƙofar da zai bi ya tsira, kuma ba shi kaɗai za ta cutar ba. Suhaila ta ji tsoron bakin mutane fiye da ciwon da ke cin ta, sai ta rasa lafiyar, ta rasa sunan, ta kuma ɗauki alhakin wadda ta yarda da ita. Duk macen da ta ji ƙullutu ko ta ga wani canji a nononta, ta je asibiti da wuri, kada ta tsaya jin ta bakin mai talla. Wadda aka taɓa yi wa aiki kuma ta faɗa wa likita gaskiya tun tambayar farko. Kuma idan ɗan uwa ya gaya maka magana mai ɗaci a kan lafiyarka, ka saurare shi kafin ka kira shi maƙiyi.