Allon Baba Akawu

Akwai wani dattijo da ake kira Baba Akawu, wanda ya shekara ashirin da shida yana buga takardu a wata makarantar sakandare. Takardar jarrabawa, wasiƙar iyaye, jadawalin darasi, duk ta hannunsa suke bi, kuma da wuya ka tsinci kuskure ko na waƙafi.

Kwamfutarsa tsohuwa ce mai Linux, manhajar nan ta kyauta da mutum ke iya juya fuskarta yadda ya ga dama. 'Yarsa ce ta saita masa ita kafin aure ya kai ta nesa. Allon baƙi wuluk, haruffa rawaya manya-manya, kibiyar linzami kuwa, wato 'yar alamar da ake nuni da ita a allo, ta kai girman babban yatsa.

Ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Dalilin kuwa shi ne idon Baba ya yi rauni, ya kuma ɓoye, don tsoron kada a ce ya je gida ya huta.

Sai makaranta ta ɗauko wani mai gyara ya duba kwamfutocin ofis. Ana ce masa Nan-take, don kafin ka gama faɗin matsalarka ya riga ya ce, "Nan take!" Ya iya aiki, wannan ban hana shi ba, amma kunnensa na ado ne kawai.

Ya shiga ofishin Baba ya tarar ya fita cin abinci. Da ya ga allon sai ya kwashe da dariya.

"Wa ya yi wa baiwar Allahn nan wannan aika-aika?"

Bai jira kowa ba. Ya buɗe ɓoyayyiyar foldar da kwamfutar ke ajiye saitin mai ita, ya share ta kakaf, ko kwafi bai ajiye ba. Ya kashe ya kunna. Allo ya dawo fari fat, haruffa ƙanana kamar tururuwa.

Da Baba ya dawo, ya tsaya turus.

"Ɗana, da ka mayar mini da ita yadda take."

"Haba Baba! An cire maka ƙaya kana neman a mayar? Kwana biyu za ka saba."

Baba ya ja kujera ya zauna. In ya faɗi dalili, asirinsa ya tonu.

Cikin mako guda kurakurai suka yi ta fitowa. Uku ta zama takwas a gwajin lissafi, sunan wani uba ya koma na wani. Shugabar makaranta ta kira shi ta ce, "Baba, jarrabawar ƙarshen zango saura kwana goma. In haka za ta fito, wataƙila lokacin hutu ne ya yi."

Washegari malamar lissafi ta shigo da takardar gwajinta a hannu, ta zo da faɗa a bakinta. Ta same shi hancinsa na neman taɓa allo, idonsa na zubar da ruwa. Ta leƙa ta ga abin da yake bugawa: wasiƙar ajiye aiki ce, kuma ko a cikinta akwai kuskure huɗu.

Tausayi ya kama ta. Ta ninke takardarta, ta jawo kujera.

"Baba, ka faɗa mini gaskiya. Me kake gani a nan?"

Ya ce, "Hazo, 'yata. Hazo kawai."

Ita ba gwanar kwamfuta ba ce, irin manhajar dai take amfani da ita a gida. Ta shiga saiti ta lalubo sashen masu raunin gani. Ta ƙara girman haruffa ta ce, "Yanzu fa?" Ya ce a ƙara. Ta mayar da allon baƙi, sai rubutun wani sashe na allon ya ɓace gaba ɗaya, baƙi a kan baƙi. Ta koma baya ta gwada wani launin. Haka suka yi ta yi kamar a asibitin ido, wannan ko wancan, har awa biyu.

Da ta ƙara girman kibiyar, Baba ya yi dariya ya ce, "Ga 'yar gari ta dawo!" Ta kwafe saitin a filashi, 'yar ma'ajiyar bayanan kwamfuta, ta saka masa a aljihu.

Bayan kwana uku Nan-take ya dawo, yana zagayawa da shugaba yana nuna mata aikinsa. Suna shiga ofishin Baba ya dafe kai.

"Kin gani ko, ranki ya daɗe? Na gyara sun sake ɓatawa. Bari, nan take!"

Ya miƙa hannu zai kama linzami, Baba ya riƙe hannun.

"Ɗana, ba allon ne ya lalace ba. Idona ne."

Shugaba ta ce, "Tun yaushe, Baba?"

"Shekara huɗu."

Ta ɗauki takardun jarrabawar da ya buga da safe, ta bi su layi-layi. Ba kuskure ko ɗaya. Ta ajiye ta ce, "Shekara huɗu kana mana aiki tsaf da wannan idon, mako guda na nemi sallamarka. Ka yafe mini. Kujerarka taka ce, kuma gobe za a kai ka a duba idon."

Nan-take ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Wannan karon da ya buɗe baki bai ce nan take ba. Cewa ya yi, "Baba, akwai wani abin da kake so a ƙara maka?"

Darasi: Ba duk abin da ya yi maka kama da lalacewa ne ya lalace ba, wani maganin wani ne. Kafin ka gyara kayan mutum, tambaye shi me ya sa ya bar shi haka, kada garin neman gira a rasa ido. Ku tura wa duk wani Nan-take da kuka sani, ko ya tsaya ya karanta har ƙarshe.